Hoto Ya Dushe: Tsohon Talabijin Da Sabuwar Na'ura



Maganarmu ta yau a kan wani ƙaramin abu ce da ke tayar da jijiyar wuya a falo. An sayo 'yar na'urar nan ta kallon fina-finai ta intanet, wadda 'yan kasuwa ke ce wa Android bokis, ko Mi Box, ko kuwa siririyar nan ta Amazon, Fire TV Stick. An jona ta a jikin tsohon talabijin, an sa data, an baje a tabarma za a kalli Labarina ko Izzar So a babban allo, a huta da ƙura wa waya ido. Ba a jima ba sai hoto ya dushe. Can ya washe, can ya sake yin duhu. Maigida ya ce yara sun taɓa rimot. Yara su ce ai na'urar jabu ce, an cuci Baba a kasuwa. Uwargida kuwa ta ce da ma talabijin ɗin ya ga jiya ya ga yau, a sallame shi a sayo sabo.

Ni dai shawarata, kada a sallami kowa tukuna. Dushewar hoto ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai zuwa tana tafiya, akwai mai zama daram, akwai wadda sai an shiga fim take bayyana, akwai wadda sai da dare. Kowacce da inda take fitowa. Wanda ya natsu ya lura da lokacin da hoton ke dushewa da yadda yake dushewa, sau da yawa ba zai biya mai gyara ko sisi ba.

Ga gwajin farko. Da zarar hoton ya dushe, ɗauki rimot na talabijin, ba na na'urar ba, ka danna menu. Dubi rubutun da ya fito. In shi ma a dushe yake, hasken allon ne ya ragu baki ɗaya, maganar ta talabijin ce. In kuwa rubutun ya fito fari tas, fim ɗin da ke bayansa ne kaɗai ya yi duhu, to talabijin na da haskensa, abin da ake aiko masa ne bai zo daidai ba. Daga nan sai ka juya zuwa dikoda ko eriya ka ga ko can ma haka ne. Amma a yi hattara a nan, domin mutane da yawa a wannan gaɓar suke yanke hukunci da gaggawa. Su ga dikoda ta fito garau, su ce shi ke nan, an kama ɓarawo, na'urar ce. Alhali yawancin talabijin kowace ƙofa da saitinta daban. Ƙofar da dikoda ke ciki an daɗe da daidaita ta, wataƙila tun wanda ya fara mallakarsa. Ƙofar HDMI ta biyu da aka cusa sabuwar na'ura kuwa, mai yiwuwa ba a taɓa amfani da ita ba, tana nan da saitin da ta baro kamfani da shi. Don haka musanya su: mai da na'urar ƙofar dikoda, ka ga ko duhun zai biyo ta ko zai tsaya a ƙofar.

Wannan saiti na kamfani shi ne zan fi daɗewa a kansa, don a ganina shi ne kan gaba wajen jawo wannan rigima.

Yawancin tsofaffin talabijin masu faɗi da ke gidajenmu na hannu ne, waɗanda ake ce wa Beljiyam, da ake saukewa a Legas, su bi ta kasuwar Alaba, su iso Sabon Gari a Kano da sauran kasuwanninmu. An ƙera su ne don ɗakunan Turai da dokokin Turai. A shekarar 2009 Tarayyar Turai ta kafa doka kan yawan wutar da talabijin zai sha, har daga baya aka wajabta cewa in an bar shi awa huɗu ba a taɓa rimot ba, ya kashe kansa. Amurka ma ta tsaurara nata ma'aunin na Energy Star a 2008. Babu abin da ke shan wuta a talabijin kamar hasken allo, don haka kamfanoni suka koya masa rage haske da kansa. Ɗaya daga cikin dabarun shi ne wani ɗan ido da suke sawa a ƙasan allo, galibi kusa da jar fitilar nan ko inda yake karɓar saƙon rimot. Aikinsa auna hasken ɗaki. In ɗaki ya yi duhu sai ya rage hasken allo, in ya yi haske sai ya ƙara.

To, ina muke ajiye sabuwar na'urar? A kan teburi, gaban talabijin, daidai bakin wannan ido. An toshe masa gani, shi kuma a tunaninsa dare ya yi. Ka ga an sami wanda zai rantse da Allah cewa tun ranar da aka kawo na'urar hoton ya lalace, kuma bai yi ƙarya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba na'urar kaɗai ke rufe idon ba: lallausan leshin da ake yafa wa talabijin don ado, kwalbar turare, hoton biki a firam, ko ƙurar hunturu da ta kwanta a kansa wata da watanni. Wani lokaci kuma babu abin da ya rufe shi, labulen ƙofa ne iska ke ɗagawa tana saukewa, hasken tsakar gida na shiga yana fita, allo na bin sa sama da ƙasa.

Gwada shi da kanka. Dafe wurin da yatsa ka ɗan jira, ko ka haska shi da tocilar waya. In allon ya sauya bayan 'yan daƙiƙu, ka gano shi. Sunansa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A Samsung za ka same shi da sunan Eco Sensor, ƙarƙashin Eco Solution, kuma a nan kusa akwai Energy Saving. A Sony, Light Sensor da Power Saving. A LG, Energy Saving, wasu rimot ɗinsa ma har maɓalli gare su na musamman, wanda yaro zai iya dannawa ba da saninsa ba, don haka zargin Maigida ma ba a banza yake ba. In talabijin ɗin da Jamusanci ko Faransanci yake magana, fara mai da shi Ingilishi, ko ka nemi kalmar Eco ko alamar koren ganye.

Ban ce a kashe duk wani tsimin wuta ba. Mai amfani da sola da batir ya fi kowa sanin darajar kowane wat bayan isha'i. Abin da ke damun ido shi ne hawa da sauka. Ka kashe na atomatik ɗin, ka zaɓi haske guda tsayayye da ya yi maka, ka bar shi a nan. Wani abin dariya kuma: da yawa in sun rikice sai su mai da talabijin saitin kamfani, wai a wanke komai. Yin haka shi ke sake kunna duk waɗannan abubuwa da aka sha wahalar kashewa.

Akwai wata dabarar ta biyu, wadda ba ruwanta da hasken ɗaki. Ita hoton take kallo. In fim ya shiga wurin duhu, sai talabijin ya rage fitilarsa don baƙin ya ƙara baƙi. Sunanta Dynamic Contrast a Samsung da LG, a Sony kuma Advanced Contrast Enhancer. Samsung na da wata kuma, Motion Lighting, mai rage haske gwargwadon motsin da ke cikin hoto. Me ya sa ba a lura da ita ba shekara da shekaru, sai da na'ura ta zo? Saboda abin da ake kallo ya canza. Labaran ƙarfe tara da wasan ƙwallo haske ne tar daga farko har ƙarshe. Fim na intanet kuwa yakan zo da baƙin layi sama da ƙasa, ga fage na dare, ga shafin Netflix shi kansa baƙi ne. Alamarta ba ta ɓuya: in fassarar magana ta fito a ƙasan allo sai hoto ya ɗan washe, in ta ɓace sai ya koma. Kashe ta.

Wajen ƙara haske ma akwai inda ake kuskure. A tsofaffin talabijin, abin da aka rubuta wa Brightness ba shi ke ƙara ƙarfin fitila ba. Shi baƙi yake ɗagawa, in ka cika shi sai hoton ya yi fari-fari, ba armashi. Wanda kake nema shi ne Backlight.

Wani lokacin kuma duhun daga masu fim ɗin ne. A watan Afrilun 2019, da aka nuna babban yaƙin dare na shirin Game of Thrones, masu kallo a faɗin duniya sun yi ta ƙorafin ba sa ganin komai, mai ɗaukar hoton kuma, Fabian Wagner, ya ɗora laifin a kan saitin talabijin ɗin mutane da yanayin da suke kallo. Don haka kada a yanke hukunci da fim guda. A gwada da wani abu mai haske, kamar wasan yara na katun.

Mu a nan duk talabijin mai faɗi filasma muke ce masa, amma na ainihin daban yake, kuma bambancin na da amfani a wannan magana. Filasma na gaske nauyi gare shi, fuskarsa gilashi ce mai tauri, yana kuma ɗaukar zafi. Leƙa lambar da ke bayansa: na Samsung da aka yi wa Turai da PS yake farawa, na Panasonic da TX-P. Irin wannan ba shi da fitila a baya, kowane ɗigo na allon shi ke ba da haskensa, don haka in allo ya cika da fari sai ya rage ƙarfi don kada ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa. Haka aka gina shi, ba maɓallin kashewa. Wasunsu kuma in hoto ya tsaya cak na ɗan lokaci sukan dushe don kada hoton ya bar tabo a allo. Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera filasma kafin ƙarshen 2014, ke nan duk wanda ke ɗakinka ya haura shekara goma. A yi masa uzuri.

Yanzu mu juyo kan baƙuwar, wato sabuwar na'urar, don ita ma ba a wanke ta ba.

Babban laifinta shi ne HDR. Wani sabon tsarin hoto ne da ya fara yaɗuwa wajen 2015. Ana auna hasken allo da wani ma'auni da ake kira nit. Tsohon tsari an gina shi ne a kan nit 100, shi kuwa fim na HDR akan shirya shi don allon da zai kai nit 1,000 ko fiye. A ƙa'ida, da an jona na'ura takan tambayi talabijin abin da yake iyawa, ya ba ta amsa, ta aiko masa daidai ƙarfinsa. Amma na'urori masu araha, ko wani abin raba HDMI da aka sa a tsakani, sukan rikita wannan gaisuwa. Sai a aiko wa tsoho hoton da bai san yadda zai karanta ba, ya fito a dushe, launuka sun koɗe. Akwai ma talabijin masu araha da aka rubuta wa 4K HDR a kwali, suna karɓar saƙon, amma fitilarsu ba ta da ƙarfin nuna shi. Yadda za ka gane: shafin zaɓen fim garau, kana danna fim ɗin sai duhu, kuma ba kowane fim ba, galibi sababbi na manyan kamfanoni. Maganin na cikin saitin na'urar, sashen Display. Kashe HDR. A Fire TV mai 4K, in ka ga an zaɓi Always HDR, sauya shi. In babu wurin kashewa, sauke girman hoton da hannunka zuwa 1080p ko 720p, kada ka bar shi a Auto.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Kwamfuta na ƙirga haske daga 0 zuwa 255, sifili baƙi ƙirin, 255 fari fat. Talabijin kuwa a al'adarsa daga 16 zuwa 235 yake ƙirgawa. In na'ura na aikowa da lissafin kwamfuta, shi kuma yana karantawa da nasa, duk abin da ke ƙasa da 16 sai ya haɗiye shi ya zama baƙi guda. Wannan ya fi shafar mu fiye da Bature, domin fuskar baƙin mutum a fagen dare ita ce farkon abin da ke ɓacewa. Ka ga jarumi cikin baƙar shadda, ba ka ganin aikin wuya, ba ka ganin ninkin hannu, sai idanu da haƙora. Irin wannan duhu ba ya hawa ba ya sauka, yana nan kullum. Nemi HDMI Black Level a Samsung, ko Black Level a LG. Zaɓin bai wuce biyu ko uku ba. Tsayar da fim a wuri mai duhu, ka gwada kowanne, ka tsaya a wanda ya fito da ninkin riga ba tare da baƙi ya koma toka-toka ba.

Sauran ƙanana ne. In ka tsayar da fim ka tafi salla ka dawo ka tarar allo ya dushe, da gangan na'urar ta yi, danna kowane maɓalli zai dawo. Raunin netwok ba ya sa duhu, sai dai hoto ya yi dishi-dishi ko ya tsaya yana juyi. Haka nan ɗaukar wuta daga ramin USB na tsohon talabijin: ramin yakan ba da rabin amfiya ne, Fire TV Stick kuwa cajarta ta amfiya ɗaya ce, sakamakon shi ne na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi. A sa mata cajarta a soket.

Sai masu talabijin mai doro, wanda bai san HDMI ba sam, sai wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja. Har yanzu suna nan da yawa, kuma suna aiki. A nan akwai wani tsohon tarko mai suna Macrovision, wanda aka fara sa wa kaset ɗin bidiyo a Amurka a 1985 don hana kwafar fim. Wasu sigina ake ɓoyewa a sashen hoton da ido ba ya gani, su ruɗi na'urar bidiyo mai kaset, ta ɗauka hoton ya cika haske, ta rage, sannan ta saki, ta sake ragewa. Na'urorin DVD sun gaji wannan tsari, haka ma wasu na'urori masu fitar da hoto ta rawayar waya. Don haka in ka bi da wayar ta cikin tsohuwar bidiyo kafin ta kai talabijin, kuma hoton na haske yana duhu a jere a jere, ba ruwansa da abin da ke faruwa a fim ɗin, cire bidiyon daga tsakani ka jona kai tsaye.

In kuwa da 'yar kwanbata kake mai da HDMI zuwa wayoyi uku, tabbatar an ba ta wutarta, ka kuma duba ɗan makunnin da ke gefenta mai PAL da NTSC. Nijeriya PAL take bi. In aka saɓa, launi kan ɓace ko hoto ya riƙa gudu. Sannan ga masu dabarar raba rawayar waya gida biyu, ɗaya ɗakin uwargida ɗaya ɗakin amarya, don a yi adalci. Siginar talabijin guda aka yi wa, in aka raba ta ba tare da na'urar ƙara ƙarfi ba, kowane ɗaki hoto mai duhu zai samu. Adalcin dai ya tabbata.

Kada mu manta da wuta. Ma'auninmu bolt 230 ne, amma kowa ya san abin da ke isowa unguwa da magariba. Mai doro ba ya ɓoye wannan: hoto ya tsuke daga gefe, ya dushe, musamman in firji ko injin jan ruwa ya tashi, ko an jona dutsen guga a kan ƙaramin janareto. Masu faɗi sun fi juriya. Duba takardar bayansa: in an rubuta 100 zuwa 240, zai jure raunin wuta sosai, in kuwa 220 zuwa 240 ne, kamar yawancin na Turai, sitabilaiza za ta taimake shi.

In an bi duk wannan, kowace ƙofa duhu, menu ma duhu, to tsufa ne, kuma shi ma da alamunsa. LCD na kafin wajen 2010 dogayen fitilu ne sirara a bayansa, dangin fulorasan. In sun gaji, hoto kan fara da ja-ja in an kunna, ya ɗauki mintuna kafin ya washe, gefuna su yi duhu. Na LED kuwa ƙananan ƙwayaye ne jere a kan sanduna: wani yanki ya yi inuwa, ko allon ya rine shuɗi-shuɗi, ko a ga hoto na daƙiƙa biyu ya ɗauke, sauti na ci gaba. A irin wannan hali kashe fitilar ɗaki, ka manna tocila a jikin allon. In ka hango hoton can ciki yana motsi, allon lafiya lau yake, fitila ce ko sashen da ke ba ta wuta, kuma wannan gyara ne da ya fi sayen sabo sauƙi nesa ba kusa ba. Sau da yawa ma 'yan kafasito ne suka kumbura saboda zafi. Abin da ke saurin kashe ƙwayayen nan shi ne barin Backlight a ƙurya dare da rana, a yanayin Dynamic ko Vivid, cikin zafin bazara, bayan talabijin manne da bango, ramukan shan iskarsa cike da ƙura.

Roƙona a nan, don Allah kada wanda bai iya ba ya kwance bayan talabijin. Mai doro na aiki da wutar da ta kai bolt 25,000 a cikinsa, kuma yakan riƙe ta ko bayan an zare shi daga soket. Dogayen fitilun LCD kuma akwai sinadarin makuri a cikinsu, guba ne in suka fashe.

In za a kai wa mai gyara, a tafi da na'urar da wayarta da rimot duka biyu, a kuma ɗauki bidiyon dushewar da waya tun a gida, don ciwo irin wannan yakan ƙi nuna kansa a shago. In ya ce ƙwayayen LED ne, a nemi ya canza sandunan gaba ɗaya, domin in ɗaya ta ƙone sauran ma sun sha irin wahalar da ta sha, liƙa guda ɗaya dawowa ce bayan 'yan watanni. A ce ya nuna waɗanda ya cire. In mai doro ne kuma ya ce zai ɗan murɗa wani abu a ciki haske ya dawo, a tambaye shi ko kwalbar allon ce ta gaji. In ita ce, murɗawar ba ta wuce jinkiri ba, kada a biya kuɗin cikakken gyara a kanta.